'Yar Tsana ce ko Laya? Aljanin Daji a Jakar 'Yan Makaranta da Aikin Makiyayi

Gabatarwa

Bayan hutun Kirsimeti, wani ɗalibinmu da ke riƙe da ƙaramar ikkilisiya a ƙasar Daura ya dawo makaranta da tambaya. Wata yarinya 'yar ikkilisiyarsa, mai karatu a babbar makaranta, ta zo gida hutu da 'yar tsana rataye a jakarta. Abin bai wuce tafin hannu ba. Jikinsa duk gashi, ga dogayen kunnuwa kamar na zomo, ga manyan idanu, ga baki a wage da haƙora masu tsini. Ƙawayenta sun gaya mata wai aljanin daji ne na tatsuniyar Turawa, mai tsokana amma mai kawo sa'a. Ta shiga jarrabawa da shi, ta kuwa ci.

Kakarta ta tashi ne a gidan Maguzawa kafin ta karɓi bishara. Da ta ga abin, ta kuma ji labarinsa, sai ta ce ba za ta ƙara kwana ɗaki ɗaya da shi ba. Kafin mako ya zagayo, magana ta kai zumuntar mata. Waɗansu suka ce a ƙone shi a gaban jama'a, a yi wa yarinyar addu'ar fitar da aljanu. Matasa suka ce wannan duhun kai ne, roba ce kawai da tsumma. Uban yarinyar ya ce in aka kunyata masa 'ya a gaban mutane, shi da majami'ar nan har abada. Ɗalibin ya ce mana, "Malam, wa zan ba gaskiya?"

Amsar da muka ba shi ita ce muke so mu shimfiɗa a wannan darasi. Abin da ke mai da abu laya shi ne dogarar da zuciya ta ɗora a kansa. Saboda haka, kafin makiyayi ya yanke hukunci a kan abin da ke rataye a jaka, sai ya san abin da mai jakar yake bukata daga gare shi.

1. Daga ina abin wasan ya fito?

Sunan wannan 'yar tsana Labubu. Wani mai zane ne ya ƙirƙiro ta, Kasing Lung, wanda aka haifa a Hong Kong ya kuma girma a ƙasar Holan. A 2015 ya fitar da ita cikin littattafan labarin yara masu hotuna, inda ta fito a matsayin ƙaramar halittar daji mai kirki, wadda ke son taimako amma takan jawo ɓarna. Shi da kansa ya ce daga tatsuniyoyin Arewacin Turai ya ɗauko tunanin. A 2019 kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin ya fara sayar da ita, a 2024 kuma ta game duniya bayan an ga fitattun mawaƙa sun rataya ta a jakunkunansu. A watan Yuni na 2025 an yi gwanjon wata babba mai kusan tsayin mutum a birnin Beijin, aka saye ta fiye da yuwan miliyan 1. Na jabu kuwa sun cika kasuwanni, har an laƙaba musu suna Lafufu.

Yana da kyau mu lura da yadda ake sayar da ita. Tana zuwa ne a rufe cikin kwali, mai saye bai san wace iri zai samu ba sai ya buɗe. A waɗansu jerin akwai wata ta musamman da ake samu ɗaya cikin 72. Ke nan tun daga shago an riga an haɗa abin da maganar sa'a, kusan kamar caca.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A ƙarshen shekarun 1950 wani masassaƙi ɗan ƙasar Danmak, Thomas Dam, ya sassaƙa 'yar tsana mai siffar dodon da mutanen ƙasarsu ke kira torol. A tatsuniyoyinsu, torol yana zaune a duwatsu da kurmi, yana satar jarirai, yana ɓatar da matafiya, ba ya kuma son ƙarar ƙararrawar majami'a. Amma da aka mai da shi ɗan ƙaramin abu mai tsayayyen gashi da murmushi, sai aka sayar da shi da sunan mai kawo sa'a. Ya yi tashe a Amurka a farkon shekarun 1960, ya sake tashe a shekarun 1990, har masu caca suna jera shi a gabansu.

A 2025 wata jita-jita ta bazu a intanet cewa Labubu siffar Fazuzu ce, wani aljani na mutanen Assuriya da Babila. Ba hujjar da ta haɗa su, kuma bai kamata mu hau bagade da labarin da ba mu tabbatar ba. Amma tarihin Fazuzu kansa yana da darasi. Mutanen Mesofotamiya sun ɗauke shi mugun iska, duk da haka sukan ƙera ɗan ƙaramin kansa da tagulla ko yumɓu, mata masu ciki su rataya don ya kore musu wata aljana da suka fi tsoro, Lamashtu. Tun shekaru fiye da 2,500 da suka wuce, ɗan Adam yana ƙanƙanta abin da yake tsoro, ya rataya shi a wuya, ya ce ya zama mai tsaronsa.

2. Abin da kakar ta gani

Matasan da suka yi wa tsohuwar nan dariya ba su san abin da ta sani ba. Ƙasar Daura, wato Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa da Sandamu, ba ta da kurmi irin na Turai. Abin da muke da shi daji ne, da tsamiya da kuka da suri da kufai da tsofaffin rijiyoyi. A tunanin Bahaushe na dā, waɗannan wurare suna da masu su. Ba a ma cika kiran sunansu kai tsaye ba, sai a ce mutanen ɓoye. Su ake dangantawa da makuwa, inda mutum zai yi ta zagaye a dajin da ya sani kamar tsakar gidansa. Su ake gani a cikin guguwa. Saboda su ake hana yara zama ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana.

Masanin nan Joseph Greenberg ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939, ya buga sakamakon bincikensa a 1946. Ya nuna cewa Maguzawa sun yarda da Allah Maɗaukaki, amma harkokinsu na yau da kullum da iskoki suke yi. Kowane sanannen iska yana da suna, da halinsa, da irin dabbar da ake yanka masa. Akwai Kure, akwai Gajimari, akwai Gajere maharbi mai baka da kibiya. Akwai Inna, wadda ake kuma kira Doguwa. Manomi yakan ba ta tsaron gonarsa, ta shanye hannu ko ƙafar ɓarawo, kuma har yau sunanta na nan cikin sunan cutar shan-inna. Iska guda ke kawo cuta, ita ce kuma ake roƙo ta ɗauke ta. Masu bori sukan keɓe wa iska wani abu nasa, wanda suke kira tsere, a ajiye shi a ɗaki a matsayin alamar cewa akwai alkawari tsakanin iskan da mai gidan.

Labarin kafuwar Daura ma yana ɗauke da irin wannan tunani. Kowane yaro a ƙasar ya san cewa a zamanin Magajiya Daurama akwai maciji a rijiyar Kusugu, ana kiransa Sarki, wanda ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Juma'a. Mutanen gari suka zauna da wannan sharaɗi har Bayajida ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya je da dare ya sare kan macijin. Rijiyar tana nan a cikin garin Daura, baƙi suna ziyartarta. Ba muna tattauna ingancin tarihin ba ne a nan. Abin da muke so ɗalibi ya gani shi ne yadda labarin ya kwatanta zaman mutane da abin da ya fi ƙarfinsu: ruwan da rayuwarsu ta rataya a kai yana hannun wanda suke tsoro, sai aka yi sulhu da shi a kan sharaɗinsa. Kuma labarin bai yabi wannan sulhu ba. Wanda ya kawo ƙarshensa shi aka ɗaura wa aure da sarauniya.

Maƙwabtanmu ma suna da irin nasu. Yarbawa suna ba da labarin egbere, ɗan gajeren aljanin kurmi mai yawo yana kuka da 'yar tabarma, wai wanda ya iya ƙwace ta zai yi arziki. Mutanen Akan na ƙasar Gana suna da mmoatia, gajerun halittun kurmi masu ƙafafu a juye, waɗanda ke sace mutum su koya masa magani.

To, ga tsohuwar da ta girma tana ganin ana zubar da jini a gindin itace, aka nuna mata wani gajeren abu mai gashi da haƙora, aka ce aljanin daji ne mai ba da sa'a, kuma yana kwana a ɗakin jikarta. Me za ta kira shi in ba tsere ba? Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Sai dai akwai wani ɓangaren al'adarmu da bai kamata a manta ba. Bahaushe ya san 'yar tsana tun kafin zuwan roba. 'Yan mata sukan yi ta da kara ko ƙashi ko laka, su yi mata kitso da zane, su goya ta, har su yi mata biki. Ba wanda ya taɓa kiran wannan tsafi. Bahaushe ya kuma san laya da guru da kambu, ya san maganin farin jini da na kasuwa da na ƙarfe. Bai taɓa rikita su biyun ba. 'Yar tsana yarinya ce ke kula da ita. Laya kuwa ita ake sa ran ta kula da mai ita. Wannan bambanci da kakanninmu suka sani shi ne ma'aunin da makiyayi zai fara riƙewa.

3. Me ya sa ake neman sa'a wurin mai ɓarna?

Dalili na fari tsoro ne. Abin da ba ka iya kora, sai ka lallashe shi. Na biyu, mutum yana so ya samu iko a hannunsa. Allah ba ya shiga aljihu, ba a kuma juya shi, amma laya tana shiga. Na uku, wanda ake ɗauka mai wayo ne da tsokana, kamar Gizo a tatsuniya, ana ganin ya san hanyar da za a bi a samu abu ba tare da wahala ba. Hausawa na cewa sa'a ta fi manyan kaya, kuma ɗalibin da bai yi karatu sosai ba, ko ɗan kasuwar da ciniki ya tsaya masa, yana jin daɗin wannan magana.

Abin da ke ƙarfafa imanin kuwa shi ne yadda muke lissafi. In an ci jarrabawa, laya ta yi aiki. In an faɗi, an karya wata doka ce ko wani ya yi baki. Laya ba ta taɓa faɗuwa a irin wannan lissafi. Shi ya sa aka ce tsafi gaskiyar mai shi. Mutanen Yahuza da suka gudu Masar sun yi wa Irmiya irin wannan gardama, suka ce lokacin da suke ƙona wa sarauniyar sama turare suna da abinci a wadace, da suka daina ne wahala ta same su (Irmiya 44:17-18).

Tsofaffin Maguzawa sun san wani abu da masu tallar zamani ba sa faɗa: iska ba ya ba da kyauta. In ya ba ka bana, baɗi zai nemi yankansa, in ka manta kuma ya taɓa ɗanka. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Yawancin waɗanda suka bar tsafi suka bi Almasihu, in ka tambaye su, za su ce maka gajiya da wannan bashi ce ta fara kawo su.

4. Abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar

Abu na fari, Littafi Mai Tsarki ya san maganar aljanun jeji. A Littafin Firistoci 17:7 an hana Isra'ilawa miƙa hadaya ga waɗansu da ake kira se'irim da Ibrananci, ma'ana masu gashi, ko bunsurai. Yerobowam ya naɗa musu firistoci (2 Tarihi 11:15), Ishaya kuma ya ambace su a cikin kufai (13:21, 34:14). Ya kuma san maganar sa'a. A Ishaya 65:11 Ubangiji ya tsauta wa waɗanda suka rabu da shi suna shirya wa Gad teburi, suna cika wa Meni ƙoƙo. Gad allahn sa'a ne, Meni kuma na ƙaddara. Neman sa'a wurin wani iko dabam, a wurin annabin, rabuwa da Ubangiji ne.

Abu na biyu, abin da hannu ya ƙera ba shi da iko a kansa. Irmiya ya kwatanta gumaka da mutum-mutumin da ake kafawa a gona, ya ce kada a ji tsoronsu domin ba sa iya cuta, ba sa kuma iya amfani (10:5). Rahila ta sace gumakan gidan ubanta, ta cusa su cikin sirdin raƙumi ta zauna a kai, ba su iya ko motsi ba (Farawa 31:34). Amma duk da haka Yakubu ya tattara su ya binne a gindin itace kusa da Shekem kafin ya haura Betel (Farawa 35:2-4). Ba su da iko, amma ba su da wurin zama a gidan da ya yi alkawari da Allah.

Abu na uku, abu mai kyau ma yana iya zama gunki. Allah ne da kansa ya umarci Musa ya ƙera macijin tagulla (Ƙidaya 21:8-9). Bayan ɗaruruwan shekaru mutane suka koma ƙona masa turare, sai sarki Hezekiya ya farfashe shi (2 Sarakuna 18:4). Tagullar ba ta sāke ba, zukatan mutane ne suka sāke. Wannan yana koya mana cewa sanin asalin abu bai isa ya warware magana ba. Abu yana iya fitowa daga hannun annabi ya zama gunki, yana iya kuma fitowa daga masana'anta a ƙasar Sin ya zama laya.

Abu na huɗu, Bulus ya riƙe gaskiya biyu tare a wasiƙarsa ta fari ga Korantiyawa. A sura 8 ya ce gunki ba kome ba ne, Allah ɗaya ne. A sura 10 ya ce abin da al'ummai ke yanka wa gumaka, ga aljanu suke miƙa shi, ba ya kuwa so masu bi su yi tarayya da aljanu. Naman da ake sayarwa a kasuwa, ya ce a ci ba tare da bincike ba, domin duniya da abin da ke cikinta na Ubangiji ne. Amma in wani ya ce wannan na hadaya ne, a bari saboda lamirin mai faɗar. Ya kuma yi magana musamman a kan waɗanda suka saba da gumaka a dā, waɗanda lamirinsu ke da rauni, ya ce kada saninmu ya hallaka ɗan'uwan da Almasihu ya mutu dominsa (8:7-13). Kamar dai Bulus ya san kakar nan da matasan da suka yi mata dariya.

Abu na biyar, Almasihu ya yi nasara a dajin kansa. Ruhu ya kai shi jeji kwana 40, yana tare da namomin jeji, Shaiɗan ya gwada shi bai samu kome ba (Markus 1:12-13). Ya 'yantar da mutumin da aljanu suka kora cikin kaburbura (Markus 5:1-20). A kan gicciye ya tuɓe wa masu mulki da masu iko makamansu (Kolosiyawa 2:15). Mai bi ba ya bukatar sulhu da mutanen ɓoye, ba ya kuma bukatar ya kwana da fargabar roba.

5. Yadda makiyayi zai bi da magana

Akwai ramuka biyu a gefen hanya. Na fari shi ne firgita, inda kowace 'yar tsana aljani ce, kowace yarinya mai ita kuma tana bukatar a fitar mata da iska. Wannan yana girmama Shaiɗan fiye da ƙarfinsa, yana koya wa jama'a cewa jinin Almasihu bai kai ƙarfin abin wasa ba. Ya fi haka haɗari ma. Yarinyar da aka tsayar a gaban jama'a aka ce tana da aljanu, sunan zai bi ta har maganar aurenta, kuma daga nan zuwa zargin maita taki ɗaya ne. Rami na biyu shi ne reni, inda ake cewa duk camfi ne. Wannan yana watsar da tsofaffinmu da suka san abin da suka baro, yana kuma rufe ido ga yarinyar da wataƙila ta riga ta fara dogara ga abin.

Ga matakan da muke ba da shawara.

Na ɗaya, a yi magana a keɓe, tare da iyaye ko wata dattijiya, kafin a ce kome a bagade. Ubangijinmu ya sa wannan tsari a Matiyu 18:15.

Na biyu, a yi tambayoyin da za su nuna inda zuciya take. "'Yata, me ya sa kike son abin nan? In kin manta shi a gida ranar jarrabawa, hankalinki zai tashi? Kina taɓa shi ko yi masa magana kafin ki fara wani abu? Da kika ci jarrabawa, wa kika gode wa a ranki? In ƙanwarki ta roƙe ki, za ki iya ba ta?" Wadda ta ɗauke shi ado za ta yi dariya ta miƙa shi. Wadda ta ɗauke shi laya za ta yi shiru.

Na uku, in abin wasa ne kawai, a faɗa a fili cewa ba zunubi ba ne. Zakariya ya kwatanta birnin da Allah ya sa wa albarka da tituna cike da yara suna wasa (8:5). Sa'an nan a koya wa yarinyar ƙauna: in abin yana hana kakarta barci, kakarta ta fi shi daraja. Ta kuma tuna cewa a ƙasar Daura muna zaune ne cikin maƙwabta Musulmi masu yawa, waɗanda ke lura da abin da muke ratayawa. Bai kamata abin ado ya sa a ce masu bi suna yawo da gumaka ba.

Na huɗu, in ya zama laya, a kira shi da sunansa, a bi da mai shi zuwa tuba. A Afisa, waɗanda suka yi sihiri su ne da kansu suka kawo littattafansu suka ƙone, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000 (Ayyukan Manzanni 19:18-19). Ba a bi su gida-gida an ƙwace ba. In makiyayi ya ƙwace abu da ƙarfi ya ƙone, ya ƙone roba ne, dogarar tana nan, gobe za ta koma kan zobe ko wani ƙyalle.

Na biyar, a zauna da mai tsoro. Kada a ce mata, "Iya, ba kome ba ne," a tashi. A bar ta ta faɗi abin da ta gani a gidan ubanta. A karanta mata Romawa 8:38-39, a yi addu'a tare, a tuna mata baftismarta da wanda ya biya bashin da take tsoron a zo nema.

Na shida, a cike gurbin. Tsoron jarrabawa gaskiya ne, haka tsoron talauci da na rashin lafiya. Ikkilisiyar da ta hana laya amma ba ta yi wa 'yan makarantarta addu'a da suna ba, ba ta taimake su da karatu ba, ba ta ziyarci ɗan kasuwar da jarinsa ya karye ba, ta share ɗaki ne ta bar shi wayam (Matiyu 12:43-45).

6. Mu duba namu gida

Da wuya mu tsauta wa yarinya a kan 'yar tsana alhali muna da namu layu. Akwai masu sa Littafi Mai Tsarki ƙarƙashin matashin jariri, ba don a karanta ba. Akwai masu sayen mai ko ruwa ko ƙyalle da aka ce an yi wa addu'a, suna biyan kuɗi kamar yadda ake biyan boka. Akwai direban da ke jin ba zai yi haɗari ba saboda takardar da ya manna a gilashin motarsa. Isra'ilawa sun ɗauko akwatin alkawari zuwa filin yaƙi don ya cece su, aka kashe musu mutum 30,000, aka kuma ƙwace akwatin (1 Sama'ila 4:3-11). In akwatin alkawari bai yi aikin laya ba, ba abin da ke cikin majami'armu da zai yi. Tambayoyin da muka shirya wa yarinyar, mu fara yi wa kanmu su.

Ya kamata kuma mu gyara harshenmu. Ba laifi ba ne a ce wa mutum Allah ya ba da sa'a, domin mai faɗa ya san wurin wa take fitowa. Karin Magana 16:33 ya nuna cewa ko ƙuri'a aka jefa, hukuncinta na Ubangiji ne. Amma mu riƙa koya wa jama'a bambancin sa'a da albarka. Sa'a ba ta san sunan kowa ba, ba a kuma gode mata. Albarka tana da Mai bayarwa, wanda ya san abin da muke bukata tun ba mu roƙa ba, wanda kuma yake tare da mu ko a ranar da sakamako bai yi kyau ba.

Kammalawa

Ɗalibin namu ya koma ya bi waɗannan matakai. Da matarsa ta tambayi yarinyar ko za ta iya shiga jarrabawa ta gaba ba tare da abin ba, ta daɗe ba ta amsa ba, sa'an nan ta ce, "Mama, gaskiya da na ji tsoro." Ita da kanta ta cire shi daga jakar. Ba a tara jama'a ba, ba a kira sunanta a bagade ba. Kakar kuma ta ba jikarta labarin abin da ake yi a gidansu a dā, wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa cikin jikokinta ba. Har yanzu akwai mata biyu a zumunta da ke ganin fasto ya yi sanyi da yawa, kuma yana ci gaba da zama da su. Wannan yayi zai wuce kamar yadda na torol ya wuce, wani kuma zai zo da sabon suna, saboda haka ma'aunin ne muke so ma'aikaci ya riƙe.

Tambayoyi don nazari

1. Waɗanne abubuwa ne mutanen ikkilisiyarka ke ratayawa ko ajiyewa don tsari ko sa'a? Ta yaya za ka gane wanda ado ne da wanda laya ne?
2. Karanta 1 Korantiyawa 8 da 10:14-33. Me za ka ce wa matasan, me kuma za ka ce wa kakar?
3. Me ya sa Hezekiya ya farfasa abin da Musa ya ƙera? Akwai abin da ya kama hanyar zama haka a majami'arku?
4. In dattawan ikkilisiya suka nace a ƙone abin a gaban jama'a, yaya za ka amsa musu ba tare da ka raba ikkilisiya ba?
5. Shirya gajeren wa'azi ga 'yan makaranta masu shirin jarrabawa daga Matiyu 6:25-34.